Bazarar da Muka Raka Malama Ebi Gida

Tun farkon watan nan famfon ɗakunan kwananmu a jami'a bai ɗiga ba. Kullum bayan sallar asuba nakan ɗauki jarka in bi sahun masu zuwa burtsatsen bayan masallaci, in dawo kafin rana ta fara cizo. Shekaranjiya ina kan hanyar dawowa, jarka ta rinjayar mini da kafaɗa, sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Na zaci Inna ce. Da na duba, ashe manhajar ƙirga taku ce take taya ni murna, wai na cika tafiyar da ake so mutum ya yi a yini, har da hoton kofin zinariya. Na ajiye jarkar a gindin dogonyaro na yi ta dariya ni kaɗai. Wani ɗalibi ya wuce yana kallona, ban iya yi masa bayani ba, don bayanin yana da tsawo, kuma ni har yanzu magana ba ta cika zo mini da sauƙi ba.

Ina aji shida na firamare, a unguwarmu ta Runjin Sambo, aka yi wata bazara da har yau in an ambace ta a gidanmu sai Inna ta girgiza kai. Zafin Sakkwato ba baƙonmu ba ne, amma na wannan shekara ya zo da ƙishirwa. Famfunan unguwa suka bushe ɗaya bayan ɗaya. In ka murɗa, sai ka ji iska tana huci a ciki kamar mai haki. Rijiyar gidan maƙwabta ta koma ba da taɓo. Da hantsi ba ka iya kama ƙarfen ƙofa sai da gefen riga, ƙadangaru ma sukan lafe a bayan randa, baki buɗe. 'Yan ga-ruwa suka zama kamar manyan baƙi, tun daga bakin titi ake tare kurarsu, kafin ta iso lungunmu ta zama wayam.

Sai ruwa ya samu tsari a gidanmu, kuma Kaka, mahaifiyar Baba, ita ce mai kula da tsarin. Ruwan da aka wanke shinkafa da shi ba a zubarwa, shi za a jiƙa kwanuka. Na ɗaurayar kwanuka na awaki ne. Alwala a kan tasa ake yi, abin da ya taru a kai wa ɗan iccen lemon da ke tsakar gida. Da yamma Inna takan tsoma hannu a kofi ta yarfa wa tabarmi kafin mu kwanta a waje, ƙamshin jiƙaƙƙiyar kaba ya tashi na ɗan lokaci, sannan zafi ya shanye shi. Randar sha kuwa tana ɗakin Kaka, an binne gindinta cikin yashi, moɗa ɗaya ce, kuma idonta na kanta.

Ɗebo ruwan aikin yara ne. Akwai wata burtsatse mai aiki da hasken rana can bayan unguwa, wajen masu yin bulo, tafiya ce mai nisa ga ƙafar yaro. Can muke zuwa da sassafe, mu koma da la'asar, wani da jarka a ka, wani da baro, wani ya rataya galan biyu a sanda.

A wannan shekarar ce aka kawo mana Malama Ebi, ɗaya daga cikin masu hidimar ƙasa. Daga can kudu ta zo, bakin teku. Aka ba ta darasin motsa jiki da na sanin ƙasa. Hausarta guntu-guntu ce, tana haɗawa da Turanci da hannu, amma dariyarta ba ta buƙatar tafinta. Zafi ya wahalar da ita ƙwarai. Kullum da jiƙaƙƙen tawul a wuya take shigowa aji, kafin a tashi ya bushe ya yi tauri kamar kilishi. Da farko ta so ta riƙa fitar da mu fili muna guje-guje, sai ta ga rabin aji na gyangyaɗi tun darasin farko. Ta tambayi dalili. Sanusi, ɗan mahaucin layinmu, wanda ya fi kowa tsawo da baki a ajin, ya gaya mata cewa mu kam mun gama motsa jikinmu tun kafin ta farka. Ya kwatanta mata nisan burtsatsen da nauyin jarka.

Daga ranar ta daina fitar da mu fili. Bayan 'yan kwanaki ta shigo da wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi da babbar taswirar Nijeriya. Ta manna taswirar a bango, ta ɗora yatsa a kan Sakkwato can sama, ta ja shi ƙasa, ƙasa, har inda ƙasar ta tsattsage ta zama jijiyoyin ruwa. Ta ce nan ne garinsu. Ta ce hidimarta za ta ƙare a farkon damina, kuma a wajensu ba a barin baƙo ya koma gida shi kaɗai. Muka ce mu ma haka ne, rakiya wajibi ce. Ta ce to mu raka ta.

Wayar tana ƙirga takun wanda ke ɗauke da ita. Kowace rana ɗalibi ɗaya zai tafi da ita gida, ya sa ta a aljihu duk inda za shi. In shi kaɗai ya yi tafiyar, tasa ce kawai. In kuwa ya tara 'yan aji suka tafi tare, sai a ninka da yawansu. Washegari a mayar da takun zuwa nisan hanya, a matsar da alama a kan taswira. Alamar ƙayar aduwa ce, ni na tsinto ta, kuma ni aka ba aikin lissafin da matsar da ita, saboda ba na yarda in bar ragowa a lissafi ban san inda ta tafi ba.

Ni a lokacin Alhudahuda ake kirana, ba Mu'azu ba. In an fita tara, ina ƙarƙashin taga da littafi. In malami ya tambaye ni, nakan san amsar, amma sai na kusa da ni ya maimaita wa aji abin da na faɗa. A wajen taron safe, in ana rera taken ƙasa, leɓena kawai ke motsi.

Cikin mako guda zuwa ɗebo ruwa ya canja kama. Da can kowa shi kaɗai yake jan ƙafa, yanzu sai an jira mai waya a gindin tsamiyar bakin makaranta, a tafi ayari guda. Masu famfon da bai gama mutuwa ba ma suka fara bin mu, suna ɗaukar wa wasu. Jarka ba ta rage nauyi ba, rana ba ta sassauta ba, amma yanzu in ƙafa ta yi zafi sai wani ya ce a daure, an kusa Jega. Muka wuce Jega, muka wuce Yawuri, muka shiga Kwantagora. Duk garin da ƙaya ta sauka, Malama takan nemo wani abokin hidimarta da ke koyarwa a yankin, ya turo saƙon murya, yaran ajinsa suna gaishe mu da harshensu. Mu saurara, mu kwaikwaya, mu yi ta kuskure, mu mayar musu da tamu gaisuwar. Wasu yara suka tambaye mu ko gaskiya ne da raƙumi muke zuwa makaranta. Sanusi ya ce a gaya musu e, kuma nasa yana da madubi. Ranar da muka isa Lakwaja ta nuna mana a waya inda manyan koguna biyu suka haɗu, sannan ta sa muka dubi tambarin ƙasa da ke bangon littafinmu, ta ce wannan farin abu mai reshe biyu da ke tsakiya, su ne. Shekara shida ina kallon tambarin nan, na ɗauka gwafa ce.

Ba a rasa masu wayo ba. Sanusi ya taɓa ba ƙanen babansa mai keke wayar ya yini da ita a kan hanyoyi masu gargada, washegari lissafi ya nuna mun tsallake jiha guda. Malama ta dube shi, ta dubi ƙafafunsa, ta tambaye shi ko tayoyi gare shi. Aka soke.

Tawa matsalar daga Kaka ta fito. Ranar da wayar ta fara kwana a gidanmu, na dawo da ita ina riƙe da ita da hannu biyu. Kaka ta karɓa ta jujjuya.

"Maigida, wagga wace irin waya ta, da ba a kira sai dai a kai ta yawo?"

Na yi mata bayani. Ta ce ƙannena za su fasa ta, ta ƙulle ta a bakin zaninta, ta ce in za ni ruwa in zo in karɓa. Sannan ita da Inna suka hau dakan geron fura. Da la'asar na karɓi wayar, na ga adadin da ko Sanusi bai taɓa kawowa ba. Duk saukar taɓarya, waya ta ɗauka taku ne.

Washegari aji ya kaure da murna, har ana ɗaga ni sama. Na bari suka lafa, na je kusa da teburin Malama na gaya mata yadda aka yi. Sai da ta sunkuyo kafin ta ji. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce daka aiki ne, amma ba tafiya ba ne. Na cire na Kaka, na bar ɗan abin da ƙafata ta yi. Tun daga ranar 'yan ajinmu suka ƙullace ni. In na wuce sai a ce ga mai mayar da mutane baya.

Kaka ma ba ta ji daɗi ba. Ta ce a gaya wa malamar ta zo ta daka mudu guda, sannan ta faɗa mata ko an je wani wuri ko ba a je ba. Na kai saƙon don an aike ni, ban zaci za ta zo ba. Ranar Asabar sai ga ta da tawul ɗinta. Ta kama taɓarya, ba a jima ba tafin hannunta ya yi bororo, ta zauna tana haki, Inna ta dama mata fura da nono. Kaka da kanta ta ɗebo mata ruwan randa, moɗa cike, abin da ko Baba ba ya samu. Malama ta nuna musu hotunan garinsu: gidaje a kan turaku, ruwa ta ko'ina, yara na tuƙa kwalekwale zuwa makaranta. Ta ce a can matsalarsu ruwa ya yi yawa, har cikin ɗaki yake shiga. Inna ta riƙe baki.

Ni kuwa akwai abin da na daɗe da ganowa a taswira ban gaya wa kowa ba. Ranar, da yake a gidanmu ne, na iya faɗa. Na karɓi wayar na nuna musu siririn layi mai shuɗi da ya ratsa gefen Sakkwato, na ce gulbinmu ne. Na bi shi da yatsa ta Argungu har ya faɗa kogin Kwara, na bi Kwara har Lakwaja, har ƙasa inda ta rarrabu, har ƙofar gidan su Malama. Kaka ta daɗe tana kallo, sannan ta juya ta dubi baƙuwarta.

"Ashe ku ka kwashe muna ruwa."

Da aka fassara wa Malama, sai da ta ajiye ƙwaryar furar don kada ta ɓare.

Muka ƙetare gadar Anaca, zafi ya kai maƙura. Iska ta tsaya cak. Da rana sama takan yi fari fat, da yamma hadari ya taru a gabas, ya yi baƙi, a fito da robobi, sai ya watse. Mangwaro ya ƙare a kasuwa. Aka sanar cewa Malama za ta tafi ranar wata Litinin da safe, mu kuma ƙayarmu tana nesa da garinsu da tazarar da ba ta kai faɗin yatsana ba. Na lissafa, na ga in duk ajin ya fita tare ranar Lahadi, za mu isa. Sai layin riƙon waya ya faɗo a kaina, ni, a ranar ƙarshe. Sanusi ya roƙi Malama a ba wani, ya ce Alhudahuda ko akuya ba zai iya tarawa ba. Ta ce layi layi ne. Aka yi alkawarin haɗuwa a gindin tsamiya bayan asuba. Ranar Juma'a da za a kulle aji na zare ƙayar na sa a aljihu, don in an isa kada a ce babu alama.

Lahadi muna fitowa daga masallaci iska ta juya. Wani sanyi ya bugi fuskata, ƙamshin ƙasa ya taso tun kafin ɗigon farko. Sannan ruwa ya sauko gaba ɗaya, kamar an kwance bakin salka. Unguwa ta rikice da murna. A gidanmu Kaka na tsaye a ƙofar ɗaki tana ba da umarni: a bar na farko ya wanke kwanon rufi, kada a tara, sai ya yi fari. Daga nan aka jera duk abin da ke da ciki a ƙarƙashin indararo, randa, bokiti, tukunya, har butar Baba. Inna na dariya, zaninta ya jiƙe sharkaf.

Ni kaɗai ne hankalina ke kan alkawarin gindin tsamiya. Na naɗe wayar a ledar burodi, na ƙara wata, na ɗaure a ƙugu, na fita. Gindin tsamiya babu kowa. Wa zai je burtsatse alhali ruwa na zuba a tsakar gidansa? Kowa yana can yana tarawa. Na tsaya ina lissafi a kai, ko zan yi tafiya har magariba ni kaɗai, ba zan cike tazarar ba. Sai an kira su, gida gida.

A shekarar ce aka ce na girma, na daina shiga gidajen mutane kai tsaye. In ina neman wani, sai in tsaya a zaure in yi sallama. Na fara da gidan su Sanusi, don in ya fito sauran za su fito. Na tsaya a zaurensu mai ƙamshin kitse da hayaƙi, na yi sallama. Ruwa na dukan kwano kamar ana kaɗa ganguna, ni kaina ban ji muryata ba. Na sake. Na yi ta uku. An koya mana in ka yi uku ba a amsa ba, ka juya. Na juya har bakin ƙofa. A gabana ruwa na gudu a kwata, ja wur da ƙasa, yana ɗauke da kara da ledoji, ya nufi gangare. Na san inda za shi. Shi zai je, mu da muka yi alkawari mu tsaya a hanya.

Na koma ciki. Na ce a raina ukun farko ba a ji su ba, don haka ba su shiga lissafi ba. Na cika ƙirjina da iska na kwaɗa sallama da wata murya da ban san ina da ita ba, har wata kaza da ta fake a lungu ta tashi firgigit.

"Wa alaikumus salam! Wane na?"

Baban Sanusi ne ya fito da sauri, bokiti a hannu. Ya dudduba bayana yana neman babban mutum. Da ya ga ba kowa sai ni, ya ajiye bokitin.

"Mu'azu? Ashe kana da murya. Ni na aza ajiya anka ba ka ita."

Ya leƙa ciki ya ce Sanusi ya bar tarar ruwan nan, ga baƙo ya zo da magana. Sanusi ya fito, ya dube ni, ya dubi ƙullin ledar da ke ƙuguna, bai yi mini ba'a ba. A gida na gaba ya buɗe baki zai yi kira, sai ya fasa, ya ce in yi, tawa ta fi tafiya. 'Yan matan ajin da suka fito suka riƙa shiga ciki suna jawo sauran, iyaye na cewa a dawo da wuri.

Wannan ce tafiyarmu ta farko hannu sake, babu jarka, babu baro. Jikinmu ya rasa abin da zai yi da sauƙin, sai muka kama gudu. Muka zaga unguwa, muka je har burtsatse, muka same ta ita kaɗai babu layi, muka gaishe ta muka juyo. Wani ya ɗauko taken ƙasa, ba don an sa shi ba, kawai don shi ne abin da dukanmu muka haddace tare, muka rera shi muna tsalle cikin taɓo, ba a tsaye ƙyam yadda aka koya mana ba. A ranar na ji yadda baitocin suke a bakina.

Mun sami Malama a ƙofar masaukinsu, tsaye cikin ruwan, ba lema, ba tawul, ta ɗaga fuska sama. Ta ƙirga kawunanmu. Aka shiga ƙarƙashin rumfa, na kwance leda, wayar na nan da ranta. Na yi lissafin a ƙasa da tsinke, na sake yi. Bai kai ba. Saura ɗan kaɗan, amma saura.

Sanusi ya ce in cike kawai, wa zai sani. Na ce bai kai ba. Aka fara guna-guni, wata ta ce dama sun san haka zan yi. Malama ta karɓi wayar, ta buɗe taswira, ta auna daidai inda lissafina ya tsaya, ta buɗa wurin da yatsu biyu. Sai ta fashe da dariya.

"Ku duba ƙafa," in ji ta. "Mota ta ƙare a baya. Kun wuce tasha. Kuna cikin ruwa."

Muka duba. Ruwa ya kai mana idon sawu. Ta yi bayani da Hausa da hannu cewa babu hanyar ƙasa da ke shiga garinsu. Inda titi ya ƙare ake sauka a hau kwalekwale, kuma ko a wajensu mai rakiya a bakin ruwa yake tsayawa. Mu har mun zarce.

Na ce to ragowar fa? Wannan karon kowa ya ji ni. Na zaro ƙayar daga aljihu, Sanusi ya tsinto wata sakaina a gefen bango, muka soka ƙayar a jikinta, na ɗora ta a kan ruwan kwata. Ta yi juyi biyu, ta daidaita, ta bi gangare wajen gulbi. Muka bi ta da ido har ta sha kwana. Malama ta ce za ta riƙa dubawa.

Yanzu ƙanena Bashiru ne a ajin. Su kowa da wayar gidansu yake yi, sakamako na fitowa da kansa, babu mai lissafi da tsinke, kuma an ja musu famfo har cikin makaranta, ko da yake shi ma yakan yi nasa hutun. Ya ce sun je Maiduguri sun dawo. Na tambaye shi wa suka raka, ya ce ba kowa, tafiya ce kawai.

Malama Ebi tana koyarwa a can garinsu. Duk farkon damina takan turo mini saƙon murya, bayan gaisuwa ta ce sakaina ba ta iso ba tukuna, amma tana dubawa.

Ina tsaye a gindin dogonyaron nan shekaranjiya, ban gama dariya ba, wayar ta sake ƙara. Wannan karon kira ne, lambar Inna, amma muryar Kaka ce, ta tsufa, tana magana da ƙarfi kamar yadda take yi in ta riƙe waya. Ta tambaye ni ko muna da ruwa, na ce babu. Ta ce su ma babu.

"To maigida, tunda kai ad da murya, kira malamar nan. Ka ce mata ta gani, ta ƙoshi, ta maido muna abinmu."

Na ce zan gaya mata. Na ɗaga jarkata. Can gabas, bayan ɗakunan kwana, sama ta fara yin duhu.